Gilashi ɗaya zai ɗauki giwa ya kuma ɗauki zanzaro? Muhawara a zauren masu sha'awar hoto

Baban Safiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kyamara Nikon D5600 tare da gilashin da ake sayar da ita da shi, wato 18-55mm. Ba sana'a nake yi da hoto ba, sha'awa ce kawai, kuma abubuwa biyu ne suka fi jan hankalina: namun daji da tsuntsaye, sai kuma ƙananan halittu irin su zanzaro, gizo-gizo da malam-buɗe-littafi. Ina shirin zuwa Yankari a ƙarshen rani, idan damina ta faɗi kuma ina so in duƙufa kan ƙwarin da ke cikin lambu. Kuɗin da na tara ba za su sayi manyan gilasai biyu ba. Wani mai shago ya nuna mini wani 70-300mm na hannu wanda aka rubuta makiro a jikinsa, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, ya ce shi kaɗai zai yi mini aikin biyu. Ina neman shawarar magabata kafin in biya.

Malam Ɗan Azare:
Wa alaikumus salam, Baban Safiya. Ka dakata da biyan kuɗin nan tukuna. Idan tsohon Sigma ne ko Tamron 70-300mm f/4-5.6, waɗanda suka cika shaguna, to makiron da ke jikinsu 1:2 ne, ma'ana hoton ƙwaro zai faɗa a kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, da rabin girmansa na zahiri, alhali gilashin makiro na ainihi yana ba da 1:1. Wannan ma ba shi ne babban aibinsu ba. Ba su da maganin rawar hannu, wanda Nikon ke kira VR, kuma a 300mm hotonsu ba ya fita garau, ga shi kuma a nan ne za ka fi amfani da su. Wasu tsofaffin cikinsu ma ba su da injin saiti a ciki, wato injin da ke daidaita gilashi har hoto ya fito garau, ita kuma D5600 ba ta da injin da zai juya su daga jikinta, don haka da hannu za ka riƙa saiti, dabba kuwa ba za ta tsaya jiranka ba.

Shawarata ita ce ka nemi Nikon AF-P DX 70-300mm f/4.5-6.3, kuma ka tabbata mai VR ne, domin akwai wanda ba shi da shi, kamanninsu kuma ɗaya ne. Nauyinsa bai kai rabin kilo ba, saitinsa yana da sauri ƙwarai, kuma ya dace da kyamararka. Game da Yankari, mutane da yawa suna zaton sai da gilashi mai tsawon hannu ake zuwa, amma ka yi wannan lissafi. Girman abu a kan sensa shi ne girmansa na zahiri sau tsawon gilashi, a raba da nisan da ke tsakaninku. Giwa mai tsayin mita 3 da ke nesa da kai da mita 50, a 300mm za ta cinye milimita 18, alhali tsayin sensar kyamararka milimita 15.6 ne. Ka ga ba za ta ma shiga hoton gaba ɗaya ba sai ka rage zum. Yankari kuma daji ne mai itatuwa da sarƙaƙiya, ba fili fetal ba, saboda haka gwanki ko ɓauna ko gwambazar da za ka iya gani da kyau yawanci ba ta da nisa sosai, musamman a ƙarshen rani da dabbobi ke taruwa a gefen kogin Gaji. Birai da gadu kuwa a cikin sansanin Wikki suke yawo, har sai ka yi hattara da jakarka.

Ɗan Nguru:
Malam, da girmamawa, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Mai tambaya ya ambaci tsuntsaye, kai kuma ka auna masa da giwa. A yi wannan lissafin naka da tsada, wadda tsawonta bai wuce santimita 12 ko 13 ba. A nisan mita 10, a 300mm, milimita 3.6 kawai za ta ci a kan sensa mai faɗin milimita 23.5, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na faɗin hoton. A 600mm za ta kusa kashi ɗaya cikin uku. Kuma duk wanda ya taɓa bin tsuntsu ya san samun kusantar mita 10 ma ba ƙaramin aiki ba ne. A dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai lokacin hunturu, kirinjijiya da dinya da zalɓe suna can tsakiyar ruwa, babu bishiyar da za ka laɓe a bayanta, kuma kwalekwale na matsowa za su tashi. A nan 300mm ba ya kai ka ko'ina. Idan da gaske yake son tsuntsaye, ya ƙara haƙuri ya tara ya sayi Sigma 150-600mm Contemporary ko Tamron 150-600mm, ko kuma Nikon 200-500mm f/5.6. Sayen ƙarami yau sannan a sayar da shi da asara baɗi, biya biyu ke nan.

Ɗalibin Samaru:
Malamaina, ina da tambaya a kan wannan. Na ji ana cewa a kyamara irin D5600, gilashin 300mm yana komawa 450mm. Idan haka ne, ai bambancinsa da 600mm ba shi da yawa.

Malam Ɗan Azare:
Ƙanena, gilashin bai koma komai ba, 300mm ɗinsa yake. Abin da ke faruwa shi ne sensar D5600 ta fi babbar sensa mai milimita 36 da 24 ƙanƙanta, don haka tsakiyar hoton kawai take kamawa, sai faɗin abin da ka gani ya yi daidai da na 450mm a babbar kyamara. A Nikon ana ninkawa da 1.5, a Canon da 1.6. Amma wannan ninkin yana hawa kan kowane gilashi, shi ma 600mm zai ba da faɗin 900mm, don haka tazarar da ke tsakaninsu tana nan, ninki biyu.

Shi kuma ɗan uwana na Nguru, lissafinka daidai ne, kuma ban musa ba cewa a Dagona, matattarar tsuntsayen da ke cikin dausayin nan naku, dogon gilashi ne sarki. Inda muka rabu shi ne a kan wanda zai riƙe gilashin. Sigma ɗin nan ya kusa kilo 2, Nikon 200-500mm ya haura kilo 2, a ɗora su a kan ƙaramar kyamarar da ita kanta ba ta kai rabin kilo ba. Wanda bai taɓa wuce 55mm ba, idan aka miƙa masa 600mm, gano tsuntsun a cikin madubin dubawa ma zai gagare shi, domin ɗan yankin da yake gani ƙanƙani ne, kafin ya lalubo reshen tsuntsu ya tashi. Sannan tsohuwar ƙa'idar nan ta saurin shota, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, tana nan: kada ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashi, a ƙaramar sensa ma a ƙara, wato a 600mm ana maganar 1/1000 idan babu VR. Akwai kuma abin da ƙasidun masu sayar da kaya ba sa faɗa, domin ba a ƙasarmu aka rubuta su ba. Da zarar hantsi ya ɗaga a watan Maris ko Afrilu, zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa iska ta riƙa rawa, kawalwalniya ke nan, kuma dogon gilashi yana ƙara girman wannan rawar tare da girman dabbar. Da hunturu kuma hazo ne ke cinye launi. Duk tsadar gilashi, idan akwai mita 100 na iska mai zafi tsakaninka da abin da kake ɗauka, hoton zai fito kamar an shafa masa mai. Maganin shi ne matsowa kusa da fita da sassafe, kuma waɗannan biyun ƙaramin gilashi ne ke koya wa mutum su.

Ɗan Nguru:
Maganar kawalwalniya gaskiya ce, a kan ruwa ma tana faruwa, shi ya sa muke shiga kwalekwale bayan sallar asuba. Amma batun nauyi an cika zuzuta shi. A cikin mota, jaka cike da gero ko wake a kan taga ta wadatar, a ƙasa kuma akwai sandar dogarawa mai ƙafa ɗaya. Ni dai ra'ayina bai sauya ba: wanda ya kamu da son tsuntsaye ba zai daɗe da 300mm ba.

Hajiya Maman Yusra:
Assalamu alaikum. Na ga an tafi daji an bar ƙwari, alhali rabin tambayar a kansu take, kuma a ganina su ne Baban Safiya zai fi ɗauka, tun da Yankari zuwa ake yi a dawo, lambu kuwa kullum yana bayan gida.

Idan kuɗi sun samu, gilashin makiro na ainihi mai tsawon 90mm zuwa 105mm shi ne ya fi dacewa da ƙwari: Tamron 90mm f/2.8, Sigma 105mm f/2.8, ko Nikon 105mm f/2.8 VR. Kada araha ta ja ka zuwa Nikon 40mm f/2.8. Gilashi ne mai kyau, yana ba da 1:1, amma a wannan girman bakinsa yana kusantar abin da ake ɗauka da kimanin santimita 5, ka tare haske da inuwarka, ƙwaron kuma ya gudu, idan rina ce ma ta yiwu ba gudu za ta yi ba. Masu tsawon 100mm suna barin tazarar da ta haura santimita 10. A lura kuma da tsohon Tokina 100mm f/2.8 na Nikon, wanda ake yabo sosai: ba shi da injin saiti a ciki, don haka a D5600 da hannu za a yi, ko da yake a aikin makiro wannan ba babbar asara ba ce.

To amma tun da ka ce kuɗin ba za su kai ga manya biyu ba, akwai hanya mai sauƙi. Kamfanin Raynox yana yin wani ƙaramin gilashi da ake maƙalawa a bakin babban gilashi da ɗan maƙali mai sifirin, yana kama baki mai faɗin milimita 52 zuwa 67, shi kuma AF-P 70-300mm da Malam ya ambata bakinsa 58 ne. Iri biyu ne suka fi shahara. DCR-250 yana da ƙarfin +8, yana sa saiti ya tsaya a kimanin santimita 12 daga bakinsa, kuma idan ka kai zum 125mm ka sami 1:1, a 300mm kuwa ka haura ninki biyu. DCR-150 yana da ƙarfin +4.8, tazararsa kimanin santimita 20, kuma yana ba da 1:1 a wajen 200mm. Mutane suna rububin na farkon saboda lambarsa ta fi girma, amma ni na biyun nake ba sabon shiga shawara, domin ya fi sauƙin sarrafawa kuma ya fi barin wuri ga haske.

Dalilin da ya sa nake tsoratar da mutane daga yawan girma shi ne zurfin saiti. A 1:1, da ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi a cikin gilashi, a f/11, yankin da zai fito garau daga gaba zuwa baya bai kai milimita ɗaya ba. Idan idon fara ya fito, ƙafarta ta baya ta dushe. A ninki biyu kuwa abin ya ragu zuwa ƙasa da rabin haka, numfashinka kaɗai ya isa ya fitar da kai daga saiti. Saboda haka ba a dogara da saitin kyamara a nan. Ana tsayar da saiti wuri ɗaya, mutum ya riƙa matsawa gaba da baya da jikinsa a hankali, ya danna a daidai lokacin da ido ya fito. Kuma ana ƙoƙarin daidaita kyamara da gefen jikin ƙwaron, yadda kai da ciki za su kasance a nisa ɗaya.

Baban Safiya:
Na gode ƙwarai, Hajiya. Na taɓa ganin wasu zobba da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi, an ce su ma suna yin wannan aiki. Wanne ya fi tsakaninsu da Raynox?

Hajiya Maman Yusra:
Ya danganta da gilashin da za a haɗa su da shi. Zobban ƙari ba su da gilashi a ciki, nisanta gilashin kawai suke yi daga sensa, kuma girman da suke ƙarawa shi ne kaurin zoben a raba da tsawon gilashi. Saitin Kenko yana zuwa da zobba uku, na milimita 12, 20 da 36. Zoben 36 a kan 50mm zai ƙara 0.72, wanda ba kaɗan ba ne, amma a kan 300mm 0.12 kacal zai ƙara. Raynox akasin haka yake, ƙarfinsa yana ƙaruwa da tsawon gilashi. Don haka zobba na gajeren gilashi ne irin 18-55mm ɗinka, Raynox kuma na dogo. Idan zobban za ka saya, ka tabbata masu ɗigon lantarki ne da sandar da ke motsa ƙofar haske, domin masu arahar nan bututu ne kawai, kuma gilasan Nikon na G ba su da zoben ƙofar haske a jikinsu, sai ka tarar ƙofar ta tsuke ba ka da yadda za ka buɗe ta. Ni abin da ya sa na fi karkata ga Raynox a ƙasarmu shi ne ba sai an cire gilashi ba. Duk cirewa ƙura ce ke shiga, kuma a f/16 kowane ɗigon ƙura da ke kan sensa sai ya bayyana a hoto.

Haske kuma shi ne rabin aikin. Da gilashin makiro ko zobba, a 1:1 hasken da ke isa sensa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, wato f/8 tana aiki kamar f/16. Ba sai ka sayi filash na musamman ba tun yanzu. Filashin da ke kan kyamararka ya isa, muddin ka tausasa shi da farar takarda mai kauri ko siririn farin soso, ka huda shi ka zura a bakin gilashi ya tsaya tsakanin filash da ƙwaron. Ka sa shota a 1/200, wanda shi ne iyakar D5600 da filash, ƙofar haske f/11 zuwa f/16, ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, a 200, ka gwada daga nan. Walƙiyar filash ɗin ce ke tsayar da motsi, ba shota ba.

Alhaji na Maraɗi:
Salamu alaikum jama'a. Ni Canon gare ni, amma bari in sa baki saboda masu karatu da ke da irin tawa. Abin da ya yi daidai da shawarar Malam a wajenmu shi ne EF-S 55-250mm IS STM. A guji EF 75-300mm III, wanda ake yawan haɗawa da kyamara a kwali ɗaya. Lambarsa ta fi tsawo, amma ba shi da maganin rawar hannu, kuma hoton 250mm da aka yanke ya fi nasa na 300mm fita. Shi 55-250mm yana saiti tun daga santimita 85, don haka malam-buɗe-littafi da ƙadangare da furanni yana ɗaukarsu ba tare da an ƙara masa komai ba. Raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai, sun saba da mutane da gonaki, har ƙarshen 55mm ɗin ma yana da amfani a wajensu idan ana son a haɗa su da itatuwan da suke ci. Wannan wani dalili ne da ke goyon bayan Malam: gilashin da ya fara daga 150mm ko 200mm ba ya barin ka ka ja da baya idan dabba ta matso.

Ɗalibin Samaru:
Ni D3200 gare ni. Shin AF-P ɗin nan zai yi mini? Kuma idan na ƙara masa abin nan mai ninka tsawo sau biyu, ai na sami 600mm da araha.

Malam Ɗan Azare:
Duka biyun a'a ne, ƙanena. Gilasan AF-P DX ba sa aiki a D3200, D3100, D5100, D7000 da D90. Za su ɗauru, amma ba za su yi saiti ba, har da na hannu, domin zoben saitin nasu da lantarki yake aiki. D3300 da D5300 suna karɓarsu bayan an sabunta manhajar kyamarar. Kai abin da za ka nema shi ne mai alamar AF-S, kamar 55-300mm VR ko 70-300mm f/4.5-5.6 VR. Game da mai ninka tsawo kuwa, na 1.4 yana cinye rabin haske, na 2 yana barin kashi ɗaya cikin huɗu, sai f/6.3 ta koma kusan f/13, alhali saitin waɗannan ƙananan kyamarori an gina shi ne a kan f/5.6. Zai yi ta kai da komo bai kama komai ba. Na kamfanin Nikon ma ba sa shiga waɗannan gilasai sam. Yanke hoton a kwamfuta ya fi, tun da kana da megafiksel 24.

Ɗan Nguru:
Tun da an zo kan araha, akwai Nikon P900 da P950, kyamarori masu gilashi a manne da ke kai faɗin 2000mm. Sensarsu ƙarama ce ƙwarai, ba sa jure ƙarancin haske kuma ba sa bin tsuntsu a sama, amma ga wanda burinsa ya gane irin tsuntsun ya ajiye shaida, suna da amfani. Kuma ina ƙara jan hankali cewa VR rawar hannunka kawai yake gyarawa. Gauraka ko shirwa a cikin tashi tana buƙatar 1/2000 ko kusa da haka, ko da wane gilashi ne.

Baban Safiya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da na tsayar shi ne AF-P 70-300mm mai VR da Raynox DCR-150, dogon gilashin kuma sai na ga yadda sha'awar tsuntsayen ta kasance. Da yake na hannu zan saya, me zan duba a shago?

Malam Ɗan Azare:
Ka tafi da kyamararka, kada ka yarda a gwada maka a kan ta mai shago. Ka cire murfin gaba da na baya, ka haska tocilar waya ta ciki kana dubawa daga ɗaya gefen. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane zum yana shaƙarta, amma idan ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ka ajiye shi ko nawa aka rage maka, haka ma idan ka ga wani hazo-hazo a jikin gilashin ciki. Ka duba harafin VR a rubuce a jikinsa. Gindin wannan gilashi na roba ne, don haka ka duba haƙoransa ko akwai wanda ya karye. Ka ɗauki allon wani shago mai rubutu a 300mm, ka faɗaɗa hoton ka duba kusurwoyi huɗu, idan gefe ɗaya ya fito ɗaya ya dushe, gilashin ya taɓa faɗuwa. Idan ka kai shi gida, da damina kada ka bar shi a rufe cikin jaka a ƙasan gado, ka sa shi a roba mai murfi tare da ƙunshin silika mai shanye laima.

Hajiya Maman Yusra:
Ƙarin abu ɗaya game da Raynox: sai ka cire hular bakin gilashin kafin ya maƙalu, kuma da zarar ka maƙala shi, duk abin da ya wuce kimanin santimita 20 ba zai fito ba, kada ka zaci lalacewa ya yi. Ka fara gwaji a 100mm da abin da ba ya motsi, kamar ƙwayar gero ko kan ashana, sannan ka ƙara zum. Idan ka fita lambu, ka fita kafin rana ta yi zafi, lokacin da fara da ƙudan zuma ba su gama warwarewa ba, kuma ka fara da gizo-gizon da ke zaune a tsakiyar saƙarsa, domin shi ba ya barin wurinsa.